Maigidana na son mu koma zama a jirgin ruwa wata takwas, ni ko iyo ban iya ba

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 39, aurenmu shekara 16, 'ya'yanmu uku: mace mai shekara 13, namiji mai 9, sai auta mai 4. Maigidana sojan ruwa ne, bara ya yi ritaya. Tun yana aiki ya koyi nutso da tulun iska, yana da takardar shaida, kuma ban san abin da yake so kamarsa ba. Yana da aboki ɗan Tanzaniya da suka yi kwas tare, mai jirgin ruwa irin wanda iska ke turawa, da ɗakunan kwana a ciki. Abokin ya ce zai bar masa jirgin wata takwas in zai ɗauki nauyin gyara da kuɗin ajiya. Yanzu ya dage mu tattara gaba ɗaya mu zaga tsibiran Zanzibar, Pemba, Mafia da Komoros, in hali ya yi har Madagaska. Ya ce aiki ya raba shi da yaransa, sun girma ba su san shi ba, wannan ce damarsa. Filinmu na Millennium City yake son sayarwa. Anti, ni ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba. Ina da shagon ɗinki da yara huɗu a ƙarƙashina. Hajiyata ta ce ba da yawunta ba, mahaifiyarsa kuma ta daina ɗaukar wayarsa. Yaron ya riga ya gaya wa 'yan ajinsu zai yi nutso. Da na nuna tsoro, sai maigida ya ce in ba zan je ba zai tafi da manyan biyu, ko shi kaɗai. Ba na son in zama wadda ta kashe masa buri, amma ba na iya barci. Yaya zan yi?

Daga wata baiwar Allah, Barnawa, Kaduna.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya kwantar miki da hankali. Tsoron da kike ji ba ragwanci ba ne, haka shi ma burin maigidanki ba hauka ba ne, ko da yake na san haka za a kira shi a gidan suna. Akwai iyalai da yawa a duniya da ke rayuwa a irin waɗannan jirage da yaransu, suna karatu a ciki, suna dawowa lafiya. Kuma ki sake duba dalilin da ya ba ki. Bai ce ya gaji da ku ba, cewa ya yi yana son yaransa su san shi. Namijin da ya saba da fareti da umarni, ya wayi gari ba inda za shi sai masallaci da majalisa, yana cikin wani hali da ba kasafai yake iya faɗa ba. Ki riƙe wannan a ranki duk lokacin da za ki yi masa magana, domin sauran abin da zan faɗa ba zai yi masa daɗi ba.

Jirgin da ya yi aiki a cikinsa yana da injiniya, da mai kula da marasa lafiya, da kuku, da masu gadin dare da ke karɓar juna. A wannan jirgin da yake son kai ku, duk waɗannan mutane ke ce. Babu fasinja a jirgin da babba biyu ne kawai a cikinsa. Shi ya sa ba na son ki tsaya kan tambayar "in je ko kar in je". Tambayar da za ki yi masa, cikin sanyin murya, bayan ya ci ya ƙoshi, ita ce: "Abban yara, in kana ƙarƙashin ruwa, wa ke riƙe da jirgin?"

Bari in zana miki yadda abin yake. Kun jefa anka a gefen wani tsibiri, ya goya tulunsa ya nutse, zai yi minti 40 ko fiye. Ba ya jin kiranki, ba ya ganinki. Sai iska ta juya, anka ya saki ƙasa, jirgi ya soma ja a hankali zuwa kan duwatsun murjani. Auta na kuka, yayarta na kallonki. A wannan minti kina bukatar ki iya tada inji, ki riƙe sitiyari, ki kira agaji ta oba-oba a tasha ta 16, wadda ita ce tashar neman ceto a teku. Ko kuma komai lafiya a sama, amma igiyar ruwa ta ja shi, ya ɓullo can da nisa, kansa kamar ɗigo. Ruwan Pemba ya yi suna wajen ja. Wa zai hau ƙaramin kwalekwalen roba ya ɗauko shi, kuma wa zai zauna da yara kafin a dawo? Ga wata kuma: ƙa'idar da ake koya wa kowane mai nutso tun farko ita ce a sauka bibbiyu, kowa na lura da ɗan'uwansa. Wane ne abokin nutsonsa a wannan tafiya? In ya ce 'yarku ce, to yarinya 'yar shekara 13 ba za ta iya ɗago ƙaton namiji da ya suma ba, kuma zalunci ne a ɗora mata wannan. Duk wannan ya san shi, ya fi ni sani. Zumuɗi ne ya rufe shi. Saboda haka sharaɗinki na farko, wanda ba ciniki a kansa: ko a sami babba na uku da ya san jirgi a tare da ku, ko kuma duk nutson da zai yi ya bi ta cibiyoyin nutso da ke bakin teku, da jirginsu da mutanensu. Unguja, wato babban tsibirin Zanzibar, da Pemba da Mafia duk suna da su.

Ya kamata ki san abin da kike tsoro da kyau, don tsoron abin da ba a sani ba ya fi cin rai. Duk mita 10 da mutum ya sauka, matsin da ke kansa yana ƙaruwa da kwatankwacin na iskar da muke ciki a nan sama. Wannan matsi yana tura iskar naitrojin cikin jini da tsoka. In ya taso a hankali, ya dakata minti 3 a zurfin mita 5, jiki yakan fitar da ita ta numfashi. In ya taso da gaggawa sai ta yi kumfa a cikin jiki. Alamunta su ne ciwon gaɓoɓi, dindiris a hannu ko ƙafa, jiri, kasala mai tsanani, wani lokaci har shanyewar jiki, kuma sukan iya bayyana sa'o'i bayan ya fito yana shan shayi. Agajin farko shi ne a sa masa iskar oksijin zalla, sannan a garzaya da shi inda ake da ɗakin matsin iska na musamman. Ba kowane asibiti ke da shi ba, ba ma kowane tsibiri ba. Don haka kafin ya sayi ko abin rufe ido, ya nuna miki a rubuce inda ɗakin da ya fi kusa yake a kowane zango da kuma ko yana aiki, ya tanadi tulun oksijin a jirgi ya koya miki sa shi, ya yanki inshorar masu nutso irin ta ƙungiyar DAN, wadda ke ɗaukar nauyin kwashe mutum zuwa asibiti. Ya kuma je likita ya duba masa zuciya da hawan jini. Mutumin da ya kai ritaya ba yaron da ya shiga makarantar soja ta NDA ba ne, kuma ciwon zuciya na cikin manyan abubuwan da ke kashe masu nutso da suka manyanta. Ki kuma riƙe wannan don ranar dawowa: wanda ya yi nutso sau da yawa ba ya hawa jirgin sama sai bayan aƙalla awa 18.

Maganar yaronki kuwa mai sauƙi ce, ba ke za ki hana shi ba. A tsarin ƙungiyar horar da masu nutso ta PADI, wanda yawancin cibiyoyin can ke bi, ba a ba yaro takardar nutso sai ya cika shekara 10, kuma daga 10 zuwa 11 ba ya wuce zurfin mita 12. Yayarsa za ta iya kaiwa mita 18 tare da babba mai takarda, in ita ma tana so, don ban ga inda kika ce an tambaye ta ba. Kafin a ba kowa takardar sai ya yi iyon mita 200 ba tsayawa, ya kuma zauna a saman ruwa minti 10. Kar ki bari a gwale yaron. Da abin rufe ido da ɗan bututun numfashi, yana kwance a saman ruwa da rigar ceto, zai ga kifaye da murjani iya ganinsa. A Mafia ma, daga wajen Oktoba zuwa farkon shekara, ta haka ake kallon ƙaton kifin nan mai ɗige-ɗige da ya fi kowane kifi girma a duniya, ba sai da tulu ba. Amma akwai abu biyu da muke yawan sakaci da su a nan Arewa: nau'in jini (AA, AS ko SS) da asma. Mai sikila ba ya nutso, wanda ke AS ko yake da asma kuma sai likitan da ya san harkar ya duba shi. In ba ku taɓa gwada yaran ba, ku gwada su. Ke kanki ba dole ne ki yi nutso ba ko sau ɗaya, in kuma kina da juna biyu an hana ki ma baki ɗaya.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce auta. Yaro in zai nutse ba ya ihu, ba ya fantsama ruwa kamar yadda mutane ke zato, shiru yake tafiya. Doka ce: rigar ceto daidai jikinta mai ɗamara ta tsakanin ƙafafu duk lokacin da ta fito daga ɗaki, raga a kewaye da jirgi, igiya a ɗaure da ita in ana tafiya, kuma a kowane lokaci a san sunan babban da idonsa ke kanta. Ki lissafa wa kanki wata takwas na wannan.

Hotunan da yake nuna miki a waya ba sa nuna ranar Talata da azahar. Ruwan sha ana auna shi ne, don tankin irin wannan jirgi na ɗaruruwan lita ne, ba rijiyar burtsatse ba. In akwai injin tace ruwan gishiri to madalla, amma shi ne yakan fara lalacewa. Wanka da kofi ake yi, wanki sai an sauka gari. Murhu kan biyu ne, yana lilo, tukunya a maƙale da ƙarfe don kar ta kife. Masai da famfon hannu ake kora shi, ranar da ya toshe kuwa kowa zai san an yi baƙo. Jiri da amai sukan kama sabon shiga kwana biyu ko uku kafin jiki ya saba, wasu kuma ba sa sabawa, kuma ba a sanin wanda zai saba sai an hau. Ba maƙwabciyar da za ki leƙa, ba inda za ki fita in kun saɓa da maigida, budurwar 'yarki ma ba ta da inda za ta ɓuya da fushinta. Amma akwai sauƙi ta wasu fuskoki da ba ki zata ba. Mutanen Zanzibar da Pemba da Komoros galibinsu Musulmi ne, za ki ji kiran salla daga inda kuka tsaya, ba ki da damuwar yanka, shigarki ba za ta zama abin kallo ba. Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi. Salla a jirgi ta halatta, a tsaye in an iya, a zaune in ruwa ya hana, sai dai ki tambayi malaminku hukuncin ƙasaru da haɗa salla kafin ku tashi. Garin masara kuwa yana cikin abincin mutanen Tanzaniya, tuwo ba zai gagare ki ba in kin ƙulla kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, bayan kin bincika abin da kwastan ɗinsu ke bari a shiga da shi.

Karatu ma ke zai faɗo wa. Na yaron da auta, awa biyu da safe da littattafansu sun isa. Ta babbar ce abin dubawa, don a shekarunta tana gab da jarrabawar kammala ƙaramar sakandare. Ku je ku ga shugaban makarantarsu, kar ku yanke hukunci a falo.

Akwai kuma lissafin da wata takwas ba ya fita a cikinsa. A gaɓar Tanzaniya iska biyu ke mulki: kaskazi daga arewa maso gabas, wajen Disamba zuwa Maris, da kusi daga kudu maso gabas, wadda ta fi ƙarfi, daga wajen Afrilu zuwa Satumba ko Oktoba. Tsakanin Maris da Mayu damina ce mai nauyi. Daga Nuwamba zuwa Afrilu kuma lokacin guguwar teku ne a yankin Komoros da Madagaska. A Afrilun 2019 guguwar Kenneth ta yi ɓarna a Komoros, a Disamban 2024 Chido ta ragargaza Mayotte da ke kusa da su, a Mayun 2024 ma Hidaya ta sauka a tsibirin Mafia kansa. Ko ta ina ya yanko wata takwas, sai ya haɗu da ɗaya daga cikin waɗannan lokuta. Sannan tafiyar kashi biyu ce da bai kamata a haɗa su a baki ɗaya ba. Daga birnin Darussalam na Tanzaniya zuwa Unguja da kewayenta zango-zango ne, a tashi da safe a tsaya kafin magariba. Zuwa Komoros kuwa kwana uku ne ko fiye a tsakiyar teku, dare da rana, ba a tsayawa, wanda ke nufin in ya kwanta ke ce a kan sitiyari cikin duhu. A ganina, a wannan karon ku cire Komoros da Madagaska daga zancen gaba ɗaya. Ya kuma fara neman biza da wuri, domin mai fasfon Nijeriya ba ya samun ta Tanzaniya a filin jirgi, sai an tura takardunsa an tantance, ga katin allurar shawara da za a nema.

Fili kuwa, ban goyi bayan a sayar ba. "Ɗaukar nauyin gyara" magana ce mai faɗi, gyaran jirgin ruwa rami ne da ba a ganin ƙarshensa, kuma da dala ake cike shi. In inji ya mutu a wata na biyu, wa zai saya? In jirgi ya hau dutse fa? Abota ta gaskiya ba ta tsoron takarda. A sami masani ya duba jirgin, a ga inshorarsa, a rubuta iyakar abin da maigidanki zai kashe. Abin da zai iya fitarwa daga giratutinsa ba tare da an taɓa fili da kuɗin makaranta ba, shi ne girman tafiyar da ya dace da ku. Shagonki ma dukiya ce, mutum huɗu na ci a ƙarƙashinsa, kuma kwastoman da ta kai ɗinkin salla wani wuri ba lalle ta dawo ba.

Iyaye mata biyu da ke fushi, kar ki zama 'yar aike a tsakani. Shirun mahaifiyarsa ya fi faɗan Hajiyarki nauyi. Tsohuwa tana lissafin wata takwas da wani ma'auni daban, tana tunanin ko za a dawo a same ta. Shi zai je da ƙafarsa ya durƙusa, ba ta waya ba, kuma ya je da ƙaramin shiri a hannu. Uwar da ta ƙi wata takwas a tsakiyar teku za ta iya sa wa kwana goma albarka.

Batun ya tafi da manyan biyu, ki rufe shi da ladabi amma ki rufe shi tam. Babba ɗaya da yara biyu a jirgi ya fi duk sauran tsare-tsaren haɗari, kuma ina kyautata zaton ɓacin rai ne ya sa ya faɗa. Kar ki mayar masa da barazana, kar ki kai ƙararsa tun yanzu. Ki ce masa kina son wannan buri ya tabbata, amma ki shiga cikinsa a matsayin mataimakiyarsa, ba kaya ba, sojan ruwa kuma ya san ba a ɗaukar wanda bai yi horo ba. Daga nan ki kawo naki tsarin. Ke da yara uku ku fara koyon iyo a nan Kaduna. Akwai wuraren ninƙaya a otal-otal da kulob-kulob, ki nemi mace mai koyarwa ko lokacin da ba maza, akwai kuma kayan iyo masu rufe jiki duka. Iya ruwa fid da kai, kuma ko tafiyar ta fasu ba ku yi asara ba, a garin da kogi ya ratsa ta tsakiyarsa. In kun iya, sai ku yi gwaji na kwana goma a hutun Disamba, a kewayen Unguja kawai, tare da abokin nasa ko matuƙin haya, kowane dare a kusa da gari. A nan zai koya miki inji da anka da oba-oba, ku jefa wani abu mai yawo a ruwa ki juya jirgi ki ɗauko shi da kanki, har sai hannunki ya faɗa. Ku yi alkawari tun a gida cewa duk wanda ya ce ya isa, an sauka a tasha ta gaba ba gori, kuɗin tikitin dawowa kuma suna asusunki.

In gwajin ya yi daɗi, sai ku yi maganar wata biyu a shekara mai zuwa, lokacin yaron ya cika 10. In bai yi ba, ba a rasa mafita ba. Kuna iya kama gida a Unguja lokacin dogon hutu, yana fita nutso da safe da 'yan cibiya, da yamma kuna tare a tudu, yaran sun sami ubansu kamar yadda yake so. Ko ya riƙa zuwa shi kaɗai na mako huɗu ko shida tare da abokinsa, ya dawo. Ki yi istihara, shi ma ki roƙe shi ya yi. A wannan makon dai abu biyu nake so ki yi: ki kai yaran gwajin jini, ki kuma zauna da 'yarki ku biyu kawai, ba babanta a wurin, ki ji ita me take so.